Finjalin Gwaggo Hajjo

Babikir mai gidan burodi a Sinnar ya ce da ni,
"Kek ɗinku na Mai Wurno ya shiga raina.
Rubuto min shi a giram,
tire arba'in nake son gasawa kafin Sallah."
Na ce to, na hau mota ina ƙirga da yatsu,
don mu a gidanmu bota ba ta san giram ba.
Finjali ta sani,
mai tsagi a baki, mai furen da wanki ya cinye,
wanda kakar Gwaggo ta ƙullo a bakin zane
tun daga Sakkwato, a ƙafa, da niyyar Makka,
sai hanya ta ƙare mata a gaɓar wannan kogi.
Da man shanu ake cika shi a da.
Shanun suka tafi, bota ta gaji kujerar.

Gari da sukari ba su ba ni wuya ba.
Bota ce mai taurin kai.

Na aro sikelin Jibir mai kayan ƙamshi,
yana warin kimba da kanumfari.
Ya ce, "Fara auna finjalin wayam,
kada ki sayar wa mutum tangaran a kuɗin mai."
Tamanin cif. Na rubuta a bayan takardar shayi.

Da asuba, bota na da sauran sanyin randa,
na yanko da cokali na zuba:
casa'in da bakwai.
Na leƙa, ashe iska ce ta yi ɗaki a ƙasa.
Na danna, na shafe baki da wuƙa:
ɗari da sha uku.
Da azahar rana ta sauko tsakar gida ta zauna,
bota ta saki jiki ta zama ruwa:
ɗari da takwas,
har da ɗigon da ya bi ta tsagin ya gudu.
Finjali ɗaya, amsa uku.
Na zauna kan turmi na yi tagumi.

Gwaggo na kan tabarma, ido ya daɗe da yin hazo,
amma kunne ras.
"Ke Yalwa, wace shari'a kike yi da mai tun safe?
Miƙo nan."
Ta laluba, ta kama finjalin kamar hannun jika,
ta cika, ta danna da babban yatsa sau biyu,
ta ɗora tozo a kai,
sannan ta lakaci kaɗan daga tozon
ta shafa wa Ɗanjuma a gutsuren burodi,
don ya tsaya yana kallo.
Na ɗora: ɗari da ashirin.
Na ce ta sake. Yaron ya tafi, ta lakata ta shafe tire:
ɗari da ashirin.
Na uku ma allurar ba ta gusa ba.

Sai na rubuta wa Babikir:
bota finjali uku, giram ɗari uku da sittin.
Cokalin miya ɗaya, sha huɗu.
Kada ta narke, kada ta daskare,
ta zama yatsa na shiga ba gardama.
Na karanta wa Gwaggo, ta yi dariya har da tari.
"Shekara sittin ina ɗauke da lambar nan
ba wanda ya faɗa min?"

Ranar jajiberi ya aiko mana guda ɗaya a takarda.
Ta gutsura, ta daɗe tana juya shi a baki.
"Ya yi," in ji ta. "Ya dai yi sauri."

Na mayar wa Jibir sikelinsa da la'asar,
farantin na maiƙo, na manta ban goge ba.
Finjalin kuwa na kife a kan kanta,
takardar shayin a ƙarƙashinsa,
mai ya riga ya fara cin lambobin.